Fifti da Teburin Mma

Na daɗe ina ɗaukar hoto da zum kafin wani mai gemu ya sanar da ni cewa ni ɓarawo ne.

Zum shi ne dogon idon nan na kyamara da ake murɗawa ya jawo abin da ke nesa ya ajiye maka a gaban hanci. Da shi nake zagaya gidajen aure da suna ranar Asabar da Lahadi, daga unguwarmu Nima har maƙwabciyarta Mamobi. A ranakun aiki kuwa, in na tashi daga shagon buga katin gayyata inda nake aiki, sai in haye benen wani abokina mai gyaran waya a tsallaken babban titi, in jingina da ƙarfen baranda, in riƙa harbin mutanen unguwarmu da kyamara daga sama. Mai nama yana hamma, yaran trotro, motocin hayar nan, suna rige-rigen fasinja, tsoho yana ciniki da mai goro har hularsa ta karkace. Babu wanda ya san ina yi, kuma ni a lokacin na ɗauka gwanintar ke nan.

Mai gemun na haɗu da shi ne a unguwar Osu, a wani zama da masu hoto ke yi, inda kowa ke nuna aikinsa a yaba masa ko a yanka shi. Bai daɗe da dawowa daga Turai ba, yana yawo da gajeren wando da jakar yadi a kafaɗa, Turancinsa kuma ta hanci yake fitowa. Ya duba hotunana guda biyar, ya ture kwamfutar da ɗan yatsa ɗaya.

"Cale, abokina, wannan ba hoton titi ba ne," in ji shi. "Leƙe ne. Ka ɓuya a sama kana satar mutane."

Ya ce mai hoton gaske ido ɗaya yake ɗaura wa kyamararsa, wanda ba ya jawowa ba ya turawa. In kana son abu ya matso, ƙafarka ce za ta kai ka. Ya ciro nasa ya nuna mana, ɗan guntu kamar gwangwanin tumatir, fifti suke ce masa. Ya ce sirrin yana ga buɗe shi gaba ɗaya, zuwa lambar nan ɗaya da ɗigo huɗu. In ka yi haka, mutumin da ka saita kawai ke fitowa tas, duk tarkacen da ke bayansa ya narke. Da ya ce tarkace, kowa ya yi dariya, ni ma na taya. Sai da na hau trotro zan koma gida na tuna cewa tarkacen nan da ake magana unguwarmu ce, amma ban bar tunanin ya ɓata mini rai ba.

Kafin sati ya zagayo na kai zum ɗina wani shago a bayan Zongo Lane na musanya da tsohuwar fifti. Mai shagon ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na dube shi da tausayi irin wanda ake yi wa wanda bai waye ba.

Abin da mai gemu bai gaya mini ba, domin bai sani ba, shi ne a Nima ba a matsawa kusa da mutum a bushe. In ka zo taku uku da babba, sai ka gaishe shi. In ka gaishe shi, sai ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ƙafar mahaifiyarka, ya tuna maka ranar da ka fasa masa gilashin fitila kana ɗan yaye. Kafin a gama, abin da ka zo ɗauka ya yi tafiyarsa. Mai naman da nake kamawa yana hamma daga sama, yanzu da ya hango ni sai ya ajiye wuƙa, ya gyara hula, ya ƙame kamar soja. Mata kuwa sai su ɗaga mini hannu.

"Tsaya, tsaya! Bari in sa mayafi. Kana so ka sa ni a waya haka, mutane na Amerika su ce wahala ya kama ni?"

Sai ta shige gida, in tsaya a rana, ta fito bayan rabin awa da leshi da jan baki, ta kama ƙugu. Wata guda na yi ina tara hotunan mutane masu kama da na fasfo.

Mutum ɗaya ce a duk Nima ba ta taɓa gyara zama saboda ni ba. Yayar mahaifiyata ce, ita ta goya ni, Mma nake ce mata kamar yadda rabin unguwa ke ce mata. Tana sayar da wakye, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Tun kafin a haife ni teburinta yake a bakin lungunmu, tsakanin falwayar wuta da tagar shagon aski. Wurin nan shi ne duk arzikinta. Wanda ya sauko daga trotro ita yake fara gani, wanda ya fito daga masallaci da safe ƙamshin shitonta, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai, ke fara tare shi. Da tukunyar nan ta aurar da 'ya'ya huɗu, ta kuma sa ni makaranta lokacin da mahaifina ya rasu.

Ba wai ta fahimci aikina ba ne ya sa ba ta gyara zama. Ba ta ɗauke ni wani abin da za a gyara wa zama ba ne kawai. In na kawo kyamara dab da fuskarta, sai ta kore ni da bayan ludayi ba tare da ta dube ni ba.

"Kauce, kana tare mini kostoma. Wannan wasa naka ba ya ƙarewa ne?"

Ai kuwa abin nema ya samu. Kusan wata biyu kullum da safe ina gindin teburinta, fifti a buɗe har ƙarshe. Kuma gaskiya hotunan sun yi kyau, ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Tururi yana tashi ta gefen fuskarta, kana iya ƙirga gashin idonta, kana ganin tabon ƙunar da ke bayan hannunta. Bayanta kuwa komai ya narke kamar man shanu a kan tuwo mai zafi, launi kawai, babu bango babu taga. Mai gemu ya gani ya dafa ƙirji. Ya zaɓi ɗaya aka wanke shi babba aka rataya a wani baje kolin hotuna a Osu, mutane riƙe da kofuna suna tsayawa a gabansa suna gyaɗa kai. Na gaya wa Mma, ta ce to, ta miƙo mini kwano in kai wa liman.

Ana cikin haka aka zo aikin kwatar lungunmu. Masu aikin suka ce kowa ya kwashe teburinsa sai an gama, wata ɗaya kacal. Ya zama wata uku. Mma ta koma tana sayarwa a ƙofar gida. Da masu aikin suka tashi, bakin lungun ya sake kama gaba ɗaya. An rufe kwatar da siminti, an matsar da falwayar, mai aski ya rushe bangonsa ya sa ƙofar gilashi, tagar ta ɓace. Wurin ya ƙara matsewa, tebur ɗaya kawai zai iya zama a gaba.

Ranar da Mma ta sa aka ɗauko tukunyarta, ta tarar da wani tebur a wurin. Na wata mata ne da ta yi shekaru tana sayar da wakye a bayanta, tebur na biyu. Ba baƙuwa ba ce, tana auren ɗan ƙanin kakana. Ta ce ita dama nan take, Mma ce ke ciki kusa da kantin kayan shayi.

Mma ta tsaya da ludayi a hannu, ta dubi matar, ta dubi mutanen da suka fara taruwa. Kowa a wurin ya san gaskiya. Kowa kuma ya sami abin dubawa a ƙasa.

Aka kai magana gaban sarkin unguwa bayan la'asar, a barandar gidansa. Bai daɗe da naɗi ba, ya yi shekaru da yawa a ƙasar waje, bai san teburan bakin lungu ba kamar yadda marigayi wansa ya san su. Dattawa huɗu suna gefensa a kan benci, mata sun cika tsakar gida. Aka kira shaidu, a nan na ga yadda zumunci ke kashe gaskiya ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. A unguwar Zongo irin Nima kowa surukin kowa ne. Mai aski ya ce shi kan mutane yake kallo, ba taga ba. Ladan ya ce in ya fito masallaci idonsa a ƙasa yake, yana lazimi. Wani tsoho da ya ci wakyen Mma har haƙoransa suka zube ya ce duk su biyun 'ya'yansa ne, Allah ne masani.

Sarki ya ce to, zamanin yanzu zamanin shaida ne, ko akwai mai takarda ko hoto?

Mma ta yi dariya, dariyar wanda aka tambaya abin da yake da shi har ya yi yawa.

"Hoto? Ranka ya daɗe, ga ɗana nan. Kullum yana cikin fuskana da kyamara kamar ƙuda. Je ka kawo, su gani."

Wannan ne karo na farko da ta ambaci aikina a gaban mutane ba da sunan wasa ba. Na tafi gida da gudu, ina jin kaina ya yi girma. Wallahi har na ɗauko kwamfutar na dawo ban tuna da komai ba. Sai da na buɗe hoton farko a kan gwiwar sarki sannan na tuna.

Sarki ya gyara tabarau. Dattawa suka miƙo wuya.

"Masha Allah. Wannan Hajiya ne, mun gani. Ya yi kyau paa. To ina wurin?"

Na wuce zuwa na gaba. Mma da tururi. Na gaba, hannun Mma da ludayi. Na gaba, idon Mma ɗaya, ɗayan ma ya fara narkewa. Ɗaruruwan hotuna, ina danna maɓalli, ina roƙon Allah ya sa akwai ranar da na yi kuskure na ɗan rufe idon kyamarar. Babu. Ni ɗalibi ne mai biyayya, abin da mai gemu ya ce ban taɓa saɓa masa ba.

Sarki ya ɗora yatsa a kan wani dogon abu mai launin ƙasa a bayan kafaɗarta.

"Wannan mene ne?"

"Falwayar ce, ranka ya daɗe."

"Kai ka ce falwaya ne. Ni ban ga falwaya ba koraa. In ka ce raƙumi ne ma, sai in ce yoo, na yarda."

Mata suka kwashe da dariya daga tsakar gida. Wani dattijo ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko kyamarar ta lalace ne, domin ya san wani mai gyara a Mamobi. Na fara bayani cewa da gangan ake yin haka, don mutum ya fito daga cikin abin da ke kewaye da shi. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke faɗuwa a ƙasa.

Sai 'yar ɗaya matar ta taso. Tela ce, tana da shago a bakin kasuwa. Ta miƙa wa sarki wayarta, gilashin duk ya tsattsage. Hoton kanta ne ta ɗauka, fuskarta ta cinye rabin hoton, a karkace, ta turo baki. Amma a bayanta ga uwarta zaune a tebur, ga falwaya, ga tagar mai aski, har allon da ya zana kawunan samari a kai ana gani. Hoto ne mummuna, wanda ko a mafarki ba zan nuna a Osu ba, kuma komai na cikinsa ya fito tas.

Na san lokacin. Shekarar da ƙanin Mma ya kwanta ciwo a Kumasi ta je jinya, ita da bakinta ta ce wa matar ta matso gaba ta riƙe mata wurin kada baƙo ya zauna. Mma ta faɗi haka. Matar ta ce ba ta tuna ba. Sarki ya ce shi ba ya nan a lokacin, abin da ke gabansa kawai zai duba.

A nan ne na tuna da tsofaffin hotunan zum. Da na yi shiru da ya fi, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Na tono su, na sami ɗaya da Mma ke ciki, wanda na ɗauka daga benen tsallaken titi. Na juya kwamfutar da sauri ban ko duba shi da kyau ba.

Zum yana da wani hali: in ka jawo abu daga nesa, sai ya matse tazara, na gaba da na baya su manne. Kantin kayan shayin da ke can cikin lungu, taku ashirin daga teburinta, a hoton kamar ta jingina da shi. Wata trotro kuma ta tare falwayar da tagar. Ɗaya matar ta tafa hannu.

"Ahaa! Abin da na faɗi ke nan. Ɗanshi da kanshi ya kawo."

Na ce a'a, kyamarar ce ke haɗa nesa da kusa, ba haka wurin yake ba. Sarki ya cire tabarau ya dube ni.

"Wato wannan yana ƙarya, wancan kuma ba ya magana. To me ka kawo mana, ɗana?"

Sai Mma ta matso tana kallon hoton. An kama ta baki buɗe tana yi wa wani faɗa, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje, a gaban sarki da dattawa da duk matan unguwa. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa kai a buɗe.

"Wannan daga ina ka ɗauka?" ta tambaye ni a hankali.

"Daga sama, Mma. Tsallaken titi."

Ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna.

Hukuncin sulhu aka kira shi. Matar ta zauna a bakin lungu tunda ita ke da hoto, Mma ta ɗauki wurin da ke kusa da kantin kayan shayi tunda hoton ɗanta ma can ya nuna ta. Daidai nan simintin masu aiki ya ƙare, kwatar ta ci gaba a buɗe. Dattawa suka yi ta ba ta haƙuri, waɗannan da suka san gaskiya suka fi kowa iya ba da haƙurin. Aka shafa fatiha. Mma ta ce, "Yoo, na ji," ta yafa mayafinta ta fita.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi, na rasa wanda zan sauke wa. Na je Osu na ba mai gemu labarin duka, ina jiran ko zai ce wayyo. Ya lumshe ido ya ce labarin yana da ƙarfi, in rubuta shi a manna a ƙarƙashin hoton, masu kallo za su so shi. Ban sake komawa zamansu ba. Amma ba zan ɗora masa duka ba. Shi bai san bakin lungunmu ba, ni a nan aka yanke mini cibiya, kuma ni na tsaya wata biyu ina goge shi daga bayan matar da ta goya ni, ina murna.

Mma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta zage ni da na sami sauƙi. Kullum in na zo wucewa sai ta zuba mini wakye da ƙwai da ganda kamar da, ta miƙo ba ta dube ni ba. Tsofaffin masu saye suna takowa har ciki, suna wuce ɗaya teburin da kai a sunkuye. Amma fasinjan trotro ba ya shiga lungu neman abinci, abin da ya fara gani shi yake saye. Bayan wata biyu na lura ta ajiye babbar tukunyar ta koma dafawa a ta tsakiya. Ni kuma na daina fitowa da kyamara a unguwa.

Wata safiya ina cin abinci a tsaye sai ta ce, "Kyamaran naka yana nan?"

Na ce tana nan.

"Zai iya ɗauka da bango duka, ko sai an sayo wani?"

Na je na ɗauko. A jikin fifti akwai wani zobe mai lambobi. Na murɗa shi daga ɗaya da ɗigo huɗu zuwa goma sha ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, aikin daƙiƙa biyu. Zoben nan yana wurin tun ranar da na fito da ita daga shagon Zongo Lane. Na ja da baya har sai da bayana ya taɓa bangon da ke fuskantarta.

A karo na farko Mma ta gyara zama saboda ni. Ta ɗaure ɗankwali da kyau, ta goge hannu, ta dafa teburin da tafukanta biyu. Sannan ta fara nuna mini da haɓa.

"Ka sa kantin. Ka sa ƙofan gidan nan mai kore. Ka sa famfo."

Na ce duk sun shiga. Na ɗan karkata don in kauce wa kwatar da ke gefen ƙafarta, baƙin ruwa da ledoji. Ta gane abin da nake yi.

"A'a, ka sa gota ɗin ma. Ka wanke guda biyu, ɗaya ka ba ni in ajiye. Kada gobe wani ya zo ya ce nan ma ba wurina ba ne."